Bayan An Sallamo Mai Shanyewar Ɓarin Jiki: Tambayoyin Masu Jinya a Zariya

Ranar da aka sallamo mara lafiya daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, dangi kan yi ta hamdala, alhali a ranar ne jinyar gaske ke farawa, domin aikin da ma'aikata da yawa suke rabawa dare da rana yakan dawo wuyan mutum ɗaya, galibi matar gida ko 'ya mace.

Shin zai warware ya koma kamar da?

Ya danganta da girman illar da ƙwaƙwalwa ta samu lokacin da jijiyar jini ta toshe ko ta fashe, domin nan ne tushen cutar, ba shafar iska ba. Jiki ya fi saurin farfaɗowa a watanni 3 zuwa 6 na farko, saboda haka babbar asara ce a ƙarar da su wajen yawon neman magani gari-gari a bar zuwa sashen gashin ƙashi.

Me ya kamata a kiyaye a gida?

Wanda ba ya iya juyawa da kansa a riƙa juya shi duk bayan awa 2, don kada gyambo ya fito masa a kwankwaso da dunduniya. Kada a taɓa ɗaga shi ta hannun da ya shanye, domin kafaɗar tana iya gocewa. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci, kuma idan ruwa yana sarƙe shi a gaya wa likita, tun da abin da ya bi ta hanyar numfashi yana jawo ciwon huhu. Maganin hawan jini kuwa ba a dainawa don an ga sauƙi, kuma a rage gishiri da magi, saboda cutar tana dawowa.

Me ya sa yake yawan kuka da fushi?

Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tsira suna faɗawa cikin ciwon damuwa, kuma yana da magani. Amma mu ma muna da laifi. Dattijon da a da ake cika zaurensa don neman shawara, yau masu dubiya kan tsaya a kansa su tambayi matarsa, "Hajiya, ya jikin nasa?", shi kuwa yana kallonsu. Wanda ɓarin damansa ya shanye sau da yawa magana takan yi masa nauyi, amma da yawansu hankalinsu yana nan daram. A durƙusa a ce, "Baba, ya ƙarfin jiki?", sannan a yi haƙuri a jira amsarsa ko da za ta ɗauki lokaci. A taimaka masa ya yi alwala ko taimama ya yi sallarsa a zaune, a kuma bar shi ya kai loma bakinsa da kansa ko da miya za ta ɗiga a riga.

Ita mai jinyar fa?

Wannan ita ce tambayar da ba a cika yi ba, kuma ta fi damuna. Matar da ke tashi tsakar dare ta canza shimfiɗa, ta bar sana'arta, ta daina zuwa biki da Islamiyya, ga ciwon baya saboda ɗagawa, ita ma tana iya kwantawa. "Sannu da ƙoƙari" ba ta isa ba. 'Ya'ya da 'yan uwa su raba kwanaki a tsakaninsu, na nesa su ɗauki kuɗin magani da na motar zuwa Shika, a kuma auna hawan jininta duk ranar da aka je auna nasa.