Cinque Terre, ƙauyuka biyar na bakin tekun Italiya

Cinque Terre jerin ƙauyuka ne guda biyar da ke manne da tsaunukan bakin teku a yankin Liguria, arewa maso yammacin Italiya, cikin lardin La Spezia. In ka taso daga ɓangaren birnin Genoa, Monterosso za ka fara tararwa, sai Vernazza, Corniglia, Manarola, na ƙarshe Riomaggiore. UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1997.

Kowa ce musu yake ƙauyukan masunta, amma maganar gaskiya noma ne ya riƙe yawancinsu, mutanen sun sassare tsaunin hawa-hawa suka tokare ƙasar da duwatsu ba ko siminti, suna shuka inabi da zaitun da lemon tsami. Inda kamun kifi ya fi kafuwa shine Monterosso, garin da yayi suna da wasu ƙananan kifi masu sheƙi da suke kira acciughe. Cikin dare ake fita kamunsu, kwale-kwale ɗaya na ɗauke da fitila mai ƙarfi, hasken ya janyo kifin su taru a ƙarƙashinsa sannan a zagaye su da taru a ja, in gari ya waye a cire musu kai da hanji a jera su layi-layi cikin gishiri a danne da abu mai nauyi har su yi. A Manarola da Riomaggiore kuwa mashigar ruwan ƙarama ce sosai, shi yasa za ka ga kwale-kwale a fake bakin titi gaban gidaje kamar motoci.

Masu yawon wuni ɗaya sun fi son Afrilu da Mayu, sanyi ya tafi, zafin Yuli da Agusta da cunkoson su bai iso ba tukuna, duk da dai hutun Ista ma ba sauƙi. Jirgin ƙasa ne ke sa abin ya yiwu, layin dogon tun 1874 yake, tsakanin tasha da tasha mintuna kaɗan ne kuma yawanci ta cikin rami. Mota kam wahala ce kawai. Akwai jirgin ruwa amma baya tsayawa a Corniglia saboda ita tana can saman dutse, wajen mita 100 daga ruwa, daga tasharta ma sai ka hau matakala kusan 380 ko ka jira ƙaramar bas.

Hanyar ƙafa da ta haɗa ƙauyukan, Sentiero Azzurro, kusan kilomita 12 ce, sai an yanki kati kafin a bi wasu sassanta, kuma in aka yi gargaɗin ruwan sama mai ƙarfi rufewa ake. Ba tsoron banza bane, ranar 25 ga Oktoba 2011 ambaliya da laka sun binne titunan Vernazza da Monterosso, an rasa rayuka. Sashen Via dell'Amore tsakanin Riomaggiore da Manarola shima an rufe shi a 2012 bayan zaftarewar duwatsu, sai 2024 aka sake buɗewa.