Mene ne "acqua alta" da ake yawan ji a labaran birnin Venis?

A harshen Italiyanci, acqua alta na nufin "ruwa ya hau". Haka mutanen Venis ke kiran lokacin da teku ta cika ta malalo cikin titunansu. Ba irin ambaliyar da muka sani ba ce, ta mamakon sama ko ɓallewar kogi. Sau da yawa ruwan ta magudanai yake ɓulɓulowa, ya yi 'yan sa'o'i, ya janye.

Sai an san yadda garin yake zaune kafin a gane abin. Venis na arewa maso gabashin Italiya, a kan ƙananan tsibirai kusan 118 cikin wani tafki mara zurfi da ke haɗe da Tekun Adriyatik. Gine-ginensa a kan turakun itace suke, waɗanda aka kafa cikin laka tun ɗaruruwan shekaru. Idan cikar teku ta haɗu da iskar sirocco, wadda ke tasowa daga Hamadar Sahara tana tura ruwa arewa, sai tafkin ya tumbatsa, galibi daga Oktoba zuwa Janairu. Dandalin San Marco, inda ƙasa ta fi gangarowa, shi ke fara shan ruwa. Jiniya ta yi kuka, a jera dandamalan katako, kowa ya zura takalmin roba.

Mafi muni shi ne na 4 ga Nuwamba 1966, ruwa ya kai santimita 194 sama da matakin teku da ake auna ruwan garin da shi. Na 12 ga Nuwamba 2019 ya kai 187. Ƙasar garin ma ta nutse kaɗan a ƙarnin da ya wuce saboda ruwan da masana'antun Marghera, wani yanki da ke gaɓar tafkin, suka riƙa zuƙa daga ƙarƙashinta, ga teku kuma tana ƙara hawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gishiri. Ruwa ya tafi, amma gishirin ya zauna cikin bulo da marmara yana cinsu a hankali, har cikin majami'ar San Marco.

Tun 2020 ake amfani da MOSE, ƙofofin ƙarfe 78 da ke kwance a bakin mashigai uku, Lido da Malamocco da Chioggia. Idan an hango babban ruwa, sai a ɗaga su su raba tafkin da teku. Sunan ma na tuna Annabi Musa ne, wanda Italiyawa ke kira Mosè.