Illolin magungunan tabin hankali ga ciki da hanji

Magungunan tabin hankali, irin su kulofuromazin da aka fi sani da Largactil, wanda aka fara amfani da shi a Faransa a 1952, da olanzafin da kulozafin, suna rage jin muryoyi da ruɗewar tunani. Illolinsu da kowa ya sani su ne yawan barci, ƙiba da rawar hannu. Akwai kuma waɗanda ba a cika gani ba, masu taɓa ciki.

Mafi haɗari shi ne tsayawar hanji. Wasu magungunan suna toshe aikin asetilkolin, sinadarin da ke sa hanji motsi yana tura abinci. Abin yakan fara da taurin bayan gida. In ya yi nisa, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, tusa ta daina fita, amai ya biyo baya, wani lokaci har hanji ya ruɓe ko ya ɓule. Kulozafin ne ya fi jawo haka, shi ya sa a 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tsananta gargaɗi a kansa. Artane, da ake haɗawa don rage sandarewar jiki, yana ƙara daskarar da hanjin.

Abin damuwa, mai jinya ba lallai ya yi ƙorafi ba. Sau da yawa 'yan uwa ne ke lura ya ture kwanon tuwo, ya kwana uku bai zaga ba, sai a ce basir ne, a jiƙa masa sassaƙe. A zafin Maris da Afrilu na Bauchi da Gombe, ko cikin azumi, ƙarancin ruwa a jiki yana tsananta lamarin. Kumburin ciki da amai ba na jira ba ne, a garzaya sashen gaggawa, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, tare da kwalin maganin.

Largactil na iya jawo ciwon shawara a makonnin farko, ido ya yi ɗorawa, jiki ya riƙa ƙaiƙayi. Olanzafin da kulozafin na iya kumbura fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin. Wasu kuma, musamman tsofaffi, haɗiya ke yi musu wuya har su ƙware.

Likitoci kan rubuta maganin sassauta ciki tare da kulozafin tun farko. Rage magani ko canza shi aikin likita ne, domin yanke shi farat ɗaya na iya dawo da ciwon tabin hankalin.