Mene ne sitensil, kuma me ya sa haruffansa suke a daddatse?

Duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoso bayan a-daidaita-sahu ya san wannan rubutu: lamba ce da aka fesa da fenti, kowane harafi kamar an sa wuƙa an datsa shi gida biyu. Shi ne a jikin buhunan kaya, da gangunan mai, da bencinan firamare, da akwatunan sojoji. Sunansa sitensil. A Nijar, inda Faransanci ya fi yawo, pochoir ake ce masa.

Tun asali kalmar sunan kayan aiki ce: faifan kwali, ko roba, ko kwano, wanda aka huda siffar harafi a jikinsa. A ɗora shi a kan buhu, a dangwala fenti da soso ko a fesa, a ɗaga, rubutu ya fito. Ko yaron shago da rubutunsa yake kamar tafiyar kaza zai buga buhu ɗari, duk su fito iri ɗaya. Tsofaffin ma'aikatan ofis kuwa wani sitensil ɗin za su tuna, takardar kakin nan da ake bugawa a tafireta, a ɗaura wa injin Gestetner a murza takardun jarrabawa. Dabarar ɗaya ce, tawada ce ke bi ta huda.

To, daga ina datsewar ta samo asali? Ɗauki harafin O. In ka bi zagayensa da reza ka yanke duka, cikinsa zai faɗo ƙasa, ka tashi da rami kawai, fenti ya cika shi ya zama dunƙule. Dole a bar 'yan siraran wurare ba a yanke ba, su riƙe cikin. Masu sana'ar suna kiran wannan ciki tsibiri, abin da ya riƙe shi kuma gada. A, D, O, P, Q da R tsibiri ɗai-ɗai gare su, B da 8 kuwa bibbiyu. Har S da E, da ba su da tsibiri, akan yi musu gada, don dogon harshen kwali in ya sha fenti nannaɗewa yake yi, fentin ya kutsa ta ƙarƙashi ya ɓata aiki.

Abin ya daɗe. A ƙarni na 17 da na 18, a Faransa da faifan tagulla ake rubuta manyan littattafan waƙoƙin coci. A 1893 Andrew Bradley ya ƙera injin huda sitensil a birnin St. Louis na Amurka, don rubuta adireshi a jikin akwatunan da ake lodi. Amma shekarar da ta fi shafar mai kwamfuta a yau ita ce 1937. A cikinta kamfanoni biyu na Amurka masu zuba haruffan dalma na injin buga littattafai suka fitar da salon haruffa mai suna Stencil: R. Hunter Middleton ya zana wa Ludlow, Gerry Powell ya zana wa American Type Founders. Na Powell, mai kauri da manyan baƙaƙe zalla, shi ya bazu har ya shigo cikin Microsoft Office. A 1939 Stephenson Blake na Sheffield a Ingila ya fitar da nasa, Tea Chest, wato akwatin ganyen shayi, sunan ma ya faɗi inda aka kwaikwayo shi.

Harafin dalma ba ya buƙatar gada ko kaɗan, na kwamfuta ma haka. An bar datsewar ne don ido ya riga ya saba: da ganinta sai mutum ya tuna bariki, da tashar jirgin ruwa, da masana'anta. Shi ya sa take dacewa da allon gareji, da rigar kamfanin gadi, da fostar fim ɗin yaƙi. A katin ɗaurin aure kuwa, ni dai ban ga abin da ya kai ta ba. Kuma salo ne na kanun rubutu, kalma biyu ko uku manya-manya. In aka ƙanƙanta shi gadojin sukan toshe, in aka yi sakin layi guda da shi ido ya gaji tun kafin layi na uku. Inda gada take da aikinta na gaske har yau shi ne wurin masu yanka suna a jikin farantin ƙarfe da inji, don can ma tsakiyar O faɗowa take yi.

Mai rubutun Hausa yana da tasa matsalar. Yawancin waɗannan salo ba su zo da Ɓ, Ɗ da Ƙ ba, sai kwamfuta ta aro harafin daga wani salon, ya tsaya tsakiyar kalma siriri kamar baƙo a gidan biki. Mai yanka da hannu ya fi samun sauƙi: ya shimfiɗa tsohon fim ɗin hoton ƙashi, ya zana K, ya ƙara mata ƙugiya, ya bar wa ƙugiyar 'yar gada don kada ta yage. In ya yi ƙyuya bai ƙara ƙugiyar ba, akwatin da ya kamata a rubuta wa SAMA da ƘASA sai ya fito da SAMA da KASA.