Yadda jikin ɓera ke sabawa da ƙwaya: batun zafin jiki

Zafin jikin ɓera lafiyayye yana tsakanin digiri 37 da 38 a ma'aunin Salshiyas, kuma wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamos ne ke riƙe da shi. Ɓera ba ya zufa kamar mutum. In zafi ya dame shi, jijiyoyin jinin wutsiyarsa ne ke buɗewa zafin ya fice, ko kuma ya shafe gashinsa da miyau. In sanyi ne, sai ya tsuke jijiyoyin, ya ƙona wani kitse mai ruwan ƙasa da ke tsakanin kafaɗunsa.

Ƙwayoyi da yawa suna dagula wannan tsari. Barasa tana saukar da zafin jikin ɓera. Mofin kuwa, wadda dangi ɗaya suke da kodin da tiramadol, kaɗan daga cikinta tana ɗaga zafin, mai yawa kuma ta saukar da shi. Amma in aka yi ta maimaita allurar kwana da kwanaki, saukar tana raguwa har ta kusa ɓacewa. Wannan shi ne sabo.

Wani ɓangare na sabon daga hanta yake, domin tana ƙara saurin narkar da ƙwayar. Mafi ban sha'awa shi ne ɓangaren da jiki ke koya. A 1979, Lê da Poulos da Cappell, masu bincike a Kanada, suka riƙa yi wa ɓeraye allurar barasa a wani ɗaki na musamman har suka saba. Da aka yi musu irin allurar a inda ba su saba karɓarta ba, sai sabon ya ragu ƙwarai, jikinsu ya sake yin sanyi. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna cewa in aka kai ɓeran ɗakin barasar aka yi masa allurar ruwan gishiri zalla, zafin jikinsa hawa yake yi. Wato ganin ɗakin kaɗai ya isa jiki ya hura wuta tun kafin sanyin ya iso, kamar dai yadda karnukan gwajin Pavlov, masanin kimiyya ɗan Rasha, ke dalalar da miyau kafin abinci ya zo.

Ga alama sai jiki ya ɗanɗana sanyin kafin ya koyi maganinsa: ɓerayen da aka bai wa barasa a ɗaki mai ɗumi sosai, inda jikinsu bai yi sanyi ba, ba su samu irin wannan sabo ba. Shi ya sa zafin ɗakin gwaji ba ƙaramin abu ba ne. Galibi ana ajiye ɓerayen bincike a wajen digiri 22, saboda haka mai irin wannan aiki a Legas, inda rana kan haura digiri 30 ga kuma laima, in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya masa, abin da zai auna ya canza ke nan.

Shepard Siegel na Jami'ar McMaster ya kai wannan tunani ga batun mutuwa. A gwajinsa da abokan aikinsa na 1982, an saba wa ɓeraye da hirowin, wadda ita ma dangin mofin ce, sannan aka ɗirka musu mai yawa. Kashi 32 cikin ɗari suka mutu cikin waɗanda aka yi wa a inda suka saba, kashi 64 cikin waɗanda aka sauya wa wuri, kashi 96 kuma cikin waɗanda ba su taɓa karɓa ba. Ɓera ba mutum ba ne, amma masana kan kafa hujja da wannan wajen bayyana yadda mai shaye-shaye kan kwanta dama da adadin da ya saba sha, don kawai ya sha shi a baƙon wuri.