Waakye a tukunyar gida: tambayoyin da ake yi a madafan Zangon Kumasi

Hajiya, waakye ba shinkafa da wake ba ce kawai?

Asalinta ke nan, 'yata. Sunan ma namu ne: "wake" ne bakin mutanen Kurmi ya juya, har ga shi ana rubuta waakye a allunan masu sayarwa daga unguwar Aboabo zuwa kasuwar Kejetia, ana furta shi "wace". Abin da ya raba ta da garau-garau ɗin Kano shi ne karan dafi, wato busasshen ɓawon da ke lulluɓe da karan jar dawa. Shi ke ba ta jan nan mai duhu da ɗan ƙamshin ƙasa. In babu shi, shinkafa da wake kika dafa, kuma ba laifi, amma kada ki kira ta waakye a gaban surukarki.

Mene ne ma'auninta?

Gida mai mutum takwas: shinkafa gwangwanin margarin biyu, farin wake gwangwani ɗaya, karan dafi guda 10 zuwa 12, kanwa rabin ƙaramin cokali, sai gishiri. Shinkafa mai tsayuwa ake so, irin turararriyar da ake kawowa daga arewa. Mai ƙamshin nan ta buhu ma tana yi, sai dai ba ta jure ruwa, ki rage mata.

Da me ake farawa?

Da wake, kullum. Ki tsince shi, ki jiƙa tun da dare, da safe ki zubar da ruwan jiƙon. Karan dafi kuma ki wanke shi sau biyu ko uku, domin a buɗe yake zama a kasuwar Asawase yana shan ƙura. Ki ɗaure shi da zare wuri guda, cirewa za ta yi miki sauƙi. Ki ɗora wake da karan dafi da kanwa a tukunya ɗaya, ruwa ya sha kansu sosai.

Cikin minti goma za ki ga ruwan ya rine kamar zoɓo. Ki bar shi ya yi ta tafasa minti 25 zuwa 35, har ki ɗauko ƙwaya ɗaya ki matse tsakanin yatsu ta fashe, amma tsakiyarta da sauran ƙarfi. Nan ne gaɓar da ake faɗuwa. Kin wuce ta, waken zai narke kafin shinkafa ta nuna. Ba ki kai ta ba, za a ci ana tauna tsakuwa. Sai ki cire karan dafi, ki zuba wankakkiyar shinkafa da gishiri, ruwa ya haura ta da gaɓar yatsa ɗaya. In ya yi yawa ki kwashe a kofi ki ajiye gefe, kada ki zubar, da shi za ki yi yayyafi idan ta buƙata. Da ruwan ya tsotse ki janye gawayi ko ki rage gas, ki rufe ruf, turiri ya ƙarasa aikin cikin minti 15 zuwa 20.

Tawa fari-fari take fitowa. In ƙara kanwa?

A'a, don Allah. Kanwa ba ta da launi, jawo na karan dafi kawai take yi, tana kuma tausasa wake. Idan ta yi yawa, waakye takan yi baƙi-baƙi, ta yi ɗanɗanon sabulu a harshe, waken ya dame, cikin yara ma ya ɓaci. In ba ta yi ja ba, ko dai karan ya tsufa ya koɗe, ko kin yi masa rowa, ko kin zubar da jan ruwan kin dafa shinkafar da sabo. Wajen saye ki zaɓi mai ja sosai, wanda in kin jiƙa yatsa kin murza zai bar miki alama.

To caɓewa fa, da kamun ƙasan tukunya?

Caɓewa ruwa ne da yawan juyi. Sau ɗaya ake juyawa, lokacin da shinkafa ta shiga, sai kuma a ƙarshe da cokali mai yatsu. Kamu kuwa wuta ce, ko tukunya marar kauri. In kin ji ƙauri kada ki kankare, ki juye ta sama a wata tukunyar.

To shito fa, soyayyen baƙin yajin nan da ake ci da waakye, na kwalba bai wadatar ba?

Yana fitar da mutum kunya, amma na gida daban ne. Albasa mai yawa a soya a mai har ta yi zinariya, a zuba citta da tafarnuwa da tumatirin gwangwani, sannan garin busasshen kifi, garin jatan lande da garin barkono. Wuta ƙasa-ƙasa, ana juyawa, awa ɗaya ko fiye, har ya yi duhu ruwan jikinsa ya ƙare. Sauran ruwan nan shi ke sa shi fumfuna. A kwalba, mai ya rufe samansa, kuma jiƙaƙƙen cokali kada ya shiga.

Idan za a aika wa maƙwabta, yaya ake zubawa?

Waakye a kwano ɗaya, miya da shito a nasu, domin in suka haɗu tun a hanya sai ta jiƙe kafin Malam ya dawo daga masallaci. Garin rogo da aka yayyafa wa ruwa aka murza da man miya, taliya, dafaffen ƙwai da ganda, wadda a nan ake kira wele, duk su zauna a gefe. In akwai ganyen naɗi, a shimfiɗa shi, yana ƙara ƙamshi da zafi ya taɓa shi.

Wadda ta rage kuwa kada ta kwana a rufe a tukunya. Wake ba ya jure zafin Kumasi, kafin asuba ya yi tsami. Ki baza ta a faranti ta huce, ta shiga firji cikin awa biyu, gobe ki yayyafa ruwa ki turara har ta yi zafi ciki da waje.