Haɗa tawagar gasa a wasan Pokémon

Haɗa tawagar gasa shi ne zaɓen dodanni shida a wasan bidiyo na Pokémon, tare da tsara wa kowannensu dabaru huɗu, da baiwa ɗaya, da kayan riƙo ɗaya, da rabon makin horo, domin karawa da ɗan Adam maimakon na'ura. Kamfanin Game Freak na Japan ne ke ƙera wasan, wanda ya fara fitowa a 1996 a kan Game Boy. Alkaluman da ke wannan maƙala sun bi Pokémon Scarlet da Violet, waɗanda suka fito a Nuwamban 2022 a kan Nintendo Switch.

Tsarin karawa

Tsari biyu ne suka fi shahara. Na hukuma shi ne VGC, wanda ake buga gasar duniya da shi tun 2009. A nan dodanni biyu ne ke fuskantar biyu, kowa yana matakin girma na 50. Ɗan wasa yana zuwa da shida, a nuna masa shidan abokin karawarsa na daƙiƙa 90, sannan ya zaɓi huɗu kacal. Ba a maimaita dodo iri ɗaya a tawaga, ba a kuma maimaita kayan riƙo. Daƙiƙa 45 ake da ita a kowane zagaye. Tsari na biyu na Smogon ne, wani dandalin masoya wasan a intanet, inda ake karawa ɗaya da ɗaya, shida duka suna shiga, galibi a manhajar Pokémon Showdown da ke aiki a burauza kyauta. Tawagar da ta yi fice a ɗayan ba ta cika yin tasiri a ɗayan ba. Abin da ke biye ya fi shafar VGC.

Daga ina ake farawa

Sabon shiga yakan ɗebo dodanni shida mafi ƙarfi ya jera su, sai ya tarar ba wanda ke taimakon wani. Ƙwararru suna farawa da tambaya ɗaya: da me tawagar nan za ta ci wasa? Amsar ita ce ginshiƙi, dodo biyu ko uku da ke aiki tare, sauran kuma a zaɓe su don toshe ɓarakar da ginshiƙin ya bari.

Ga misali da tawagar ruwan sama. Pelipper na da baiwar Drizzle, yana shiga fili ruwa ya sauko na zagaye 5. A cikin ruwan, harin nau'in ruwa na ƙaruwa da rabi, na wuta kuma ya ragu da rabi. Archaludon, mai nau'in ƙarfe da dragon, yana da Electro Shot, harin da ke cin zagaye biyu, amma a ruwan sama nan take yake fita. Basculegion mai baiwar Swift Swim gudunsa na ninkuwa. Ginshiƙi ya samu ke nan. Sai a duba rauni. Harin nau'in ƙasa da harin nau'in faɗa suna yi wa Archaludon illa ninki biyu, harin lantarki kuma yana yi wa Pelipper ninki huɗu. Don toshe ɓarakar sai a ƙara Rillaboom, mai shimfiɗa ciyawa a fili, wadda ke rage ƙarfin Earthquake, harin nau'in ƙasa, da rabi, ta kuma mayar wa duk wanda ke taka ƙasa kashi ɗaya cikin 16 na jininsa a kowane zagaye. Amoonguss da dabarar Rage Powder yana janyo hari kansa, ya bar abokinsa ya yi aiki. Gurbi na shida yakan tafi ga Incineroar. Ruwan saman na raunana harinsa na wuta, amma ba don harin aka ɗauko shi ba: baiwarsa ta Intimidate tana sauke ƙarfin dukan abokan gaba biyu da mataki ɗaya duk lokacin da ya shigo, Fake Out kuma yana hana ɗaya motsi a zagayen farko.

Tawagar tana da ciwon kai guda. Idan Pelipper da Torkoal mai kawo rana suka shigo tare, baiwar mai sauri ce ke fara aiki, ta mai nawa ta zo ta shafe ta. Tushen gudun Pelipper, wato makin gudun da wasan ya ba irinsa, 65 ne, na Torkoal 20, don haka rana ce za ta tsaya. Maganinsa a ajiye Pelipper a baya, a shigo da shi bayan rana ta fito. Duk tawagar da ba ta iya komai sai da yanayinta, to ba a gama haɗa ta ba. Dole ne a samu wasu huɗu cikin shidan da za su iya cin wasa ko babu ruwa.

Tarihin gasar ya nuna aiki ya fi ƙarfi muhimmanci. A 2014 Se Jun Park na Koriya ta Kudu ya ci kofin duniya da Pachirisu a tawagarsa, ɗan ƙaramin dodo da ba a ɗauke shi bakin komai ba, saboda Follow Me da yake janye hari da shi daga kan manyan.

Gudu

Babu ma'aunin da ke yanke hukunci kamar gudu. Tazarar maki ɗaya ta isa wani ya riga wani, kuma wanda aka kayar kafin ya motsa bai yi komai ba a zagayen. In gudu ya zo daidai, wasan ne ke jefa ƙuri'a, rabi da rabi.

Shi ya sa ake haddace wasu alkaluma. A mataki na 50, dodo mai tushen gudu 100 yana kaiwa 167 in an cika masa horo aka ba shi halin da ke ƙara gudu. Garchomp mai tushe 102 yana kaiwa 169, Flutter Mane mai 135 kuma 205. Kayan riƙo mai suna Choice Scarf na ƙara rabi, sai Garchomp ya koma 253 ya wuce Flutter Mane, amma ya maƙale a dabara ɗaya har sai an fitar da shi. In Flutter Mane na riƙe da Booster Energy kuma gudu ne ma'auninsa mafi girma, ya kai 307, lissafin ya sake juyewa.

Hanyoyin juya gudu uku ne. Tailwind na ninka gudun ɓangarenka na zagaye 4, har da zagayen da aka yi shi. Tun daga Sword da Shield na 2019 wasan ke sake lissafin gudu a tsakiyar zagaye, don haka in Tornadus mai baiwar Prankster ya riga kowa yin Tailwind, abokinsa zai ci moriya nan take. Icy Wind da Electroweb suna rage gudun abokan gaba biyu da mataki ɗaya. Trick Room kuwa yana kifar da tsarin na zagaye 5, mai nawa ya riga mai sauri. Sai dai shi ne ke fita a ƙarshen zagaye, wanda ke nufin mai yin sa sai ya sha duka kafin ya kafa shi. Don haka ake haɗa shi da mai janye hari, ko a ba Farigiraf, wanda baiwarsa ta Armor Tail ke hana Fake Out da sauran hare-haren gaggawa taɓa ɓangarensa. Tawaga mai hanya ɗaya tak ta juya gudu tana cikin hatsari, biyu sun fi.

Nau'i da Tera

Nau'o'i 18 ne. Harin da ya dace da nau'in mai yin sa yana ƙaruwa da rabi. Harin da ke dukan fiye da dodo ɗaya, irin su Earthquake da Rock Slide, yana sauka zuwa kashi 75 cikin 100. Earthquake bai san aboki ba, yana dukan na gefenka ma, sai dai in mai tashi ne, ko mai baiwar Levitate, ko ya yi Protect, dabarar kare kai daga hari a zagayen. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada uku cikin shida su haɗa rauni ɗaya ba tare da wanda zai shigo ya shanye harin ba.

Scarlet da Violet sun kawo Tera: sau ɗaya a karawa, dodo ɗaya na iya sauya nau'insa. In Tera ya zo daidai da nau'in asali, ƙarin harin na tashi daga rabi zuwa ninki biyu. Amma a gasa an fi amfani da shi wajen kariya. Garchomp da ya koma ƙarfe ya tsira daga ƙanƙarar da ke yi masa ninki huɗu, wanda ya koma ciyawa kuma Spore ba zai sa shi barci ba, Rage Powder ba zai ja shi ba.

Makin horo da hali

Kowane dodo na da ma'aunai shida: jini, duka, kariyar duka, harin musamman, kariyar musamman, da gudu. IV gado ne, daga 0 zuwa 31 a kowane ma'auni. EV shi ne horo, jimillarsa 510, ma'auni ɗaya ba ya wuce 252. A mataki na 50, in IV ya cika 31, makin EV 4 na farko ke ba da ƙari ɗaya, daga nan sai kowane 8. Alkaluman da ke amfani su ne 4, 12, 20, 28 har zuwa 252. Wanda ya zuba 16 ya yi asarar 4. Halaye 25 ne, 20 daga ciki suna ƙara kashi 10 cikin 100 a wani ma'auni su rage daidai haka a wani.

Rabon 252, 252 da 4 shi ne mafi sauƙi, kuma ba laifi a fara da shi. Ƙwararru suna buɗe kalkuletar ɓarna, su zaɓi harin da suke so dodonsu ya jure, su zuba EV daidai buƙata, ragowar ta tafi wani wurin. Ana lissafi da mafi munin sakamako, domin ƙarfin kowane hari yana yawo tsakanin kashi 85 da 100 cikin 100.

Wani lokaci sifili ake nema. Amoonguss na Trick Room da IV 0 a gudu da halin da ke rage gudu yana sauka 31. Mai harin musamman kuma ana so IV ɗinsa na duka ya zama 0, saboda Foul Play da ƙarfin wanda aka doka yake aiki.

Kayan riƙo da dabaru

Focus Sash na barin dodo da maki ɗaya in an so kayar da shi daga cikakken jini, amma hari mai faɗowa sau da yawa yana karya shi. Assault Vest na ƙara rabin kariyar musamman, ya hana duk dabarar da ba hari ba, har da Protect. Life Orb na ƙara kusan kashi 30 cikin 100, yana cin kashi 10 na jini a kowane hari. Sitrus Berry na mayar da kwata in jini ya sauka rabi. Covert Cloak na kare firgitar Fake Out, Clear Amulet kuma na kare Intimidate.

Protect ya kamata ya kasance a kan mafi yawan tawagar. Maimaita shi a jere sau ɗaya cikin uku kawai yake ci. A kuma yi hattara da Intimidate a gaban Kingambit mai baiwar Defiant, domin maimakon ya raunana, ƙarfinsa ne zai ƙaru.

Shirya su a cikin wasa

A fara gwada tawaga a Showdown, inda sauya komai minti ɗaya ne, kafin a kashe kuɗin wasa. In ta zauna, sai a koma Switch. Kowane bitamin, irin su Protein da Carbos, na ba da EV 10, gashin tsuntsu na ba da 1 don cike gurbi. Mint na sauya tasirin hali. Bottle Cap na cika IV a garin Montenevera na cikin wasan, ga dodon da ya kai mataki na 50, amma ba ya sauke shi. Mai neman sifili sai ƙyanƙyasa ko sake kamu. Sauya nau'in Tera na cin Tera Shard 50 a gidan abincin Medali. In an yi kuskuren horo, 'ya'yan itace shida na rage EV goma-goma, misali Tamato a gudu, Pomeg a jini.

A Saudiyya

A 2001 an fitar da fatawa a Saudiyya da ta haramta Pokémon da katunansa, bisa dalilan da suka haɗa da kamanceceniya da caca da batun rikiɗar halitta. Al'amura sun sauya sosai tun daga lokacin: asusun zuba jari na gwamnati, PIF, ya sayi hannun jari a Nintendo a 2022, kuma a 2025 kamfanin Scopely, mallakar Savvy Games Group na Saudiyya, ya sayi sashen wasanni na Niantic da ya ƙunshi Pokémon GO.

Scarlet da Violet ba su da Larabci, don haka matasan Hausawan Makka, Madina da Jidda da Turanci suke ganin sunayen dabaru, bayani kuma a yi shi da Hausa gauraye da Larabci. Karawar matsayi ta intanet na buƙatar rajistar Nintendo Switch Online, kuma yankewar layi faɗuwa ce. Ba a dakatar da karawa in an fara, tana iya kai minti 20, sai a duba lokacin salla kafin a shiga. Nintendo ya ba da shawarar amfani da Switch tsakanin digiri 5 da 35, zafin bazarar Makka kuwa yana haura 40, saboda haka ba a barin na'urar a mota.

Dokokin VGC na sauyawa lokaci-lokaci, kowace da harafinta. Regulation G ta yarda da babban dodon almara ɗaya, I ta yarda da biyu, H ta hana su baki ɗaya har da su Flutter Mane da Tornadus. Kafin a zuba bitamin ko ɗaya, sai a tabbatar duka shidan sun halatta a dokar da ke ci.